Aikin Gayya Don Daji da Namunsa

Darasin wannan wata don ƙungiyoyin gama kai na ikkilisiyoyi. Kafin a fara, shugaba ya sa a karanta Farawa 2:8-15, da Fitowa 23:10-11, da Maimaitawar Shari'a 22:6-7.

A wani taron ƙungiya da muka yi a ƙasar Bunkure, na kawo maganar cewa ya kamata mu riƙa taimakon ma'aikatan gwamnati masu kula da daji da namun daji, kyauta, ba biya. Ban rufe baki ba sai wani dattijo ya ce, "Malam, jan baki ya cinye mini rabin shinkafa bara. Yanzu kuma cewa kake in je in yi wa tsuntsu gadi?" Aka bushe da dariya, har da ni. Amma tambayar Baba ba ta wasa ba ce, ban kuwa ba shi amsar kirki a ranar ba. Bashin amsar nan nake so in biya yau.

Inda ruwanmu yake fitowa

Mu fara da ruwa, gama shi ne ya tara mu. Kowa ya san ruwan da yake bin kanal zuwa Kadawa da Kura da Bunkure da Garun Malam daga Tiga yake zuwa. An gina madatsar Tiga daga 1971 zuwa 1974, an fara ta a zamanin Gwamna Audu Bako, aka kuma tsara kashi na farko na noman ranin nan ya kai hekta 22,000. A 1976 aka kafa Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, wadda take riƙe da aikin.

To, amma Tiga ba ta haihuwar ruwa. Randa ce kawai. Kogin Kano ne yake cika ta, shi kuwa daga tuddan kudu yake gangarowa, ya ratsa dajin Falgore kafin ya faɗa tafkin. Wannan daji yana cikin ƙasar Tudun Wada da Doguwa da Sumaila, hanyar Kano zuwa Jos ta bi ta cikinsa. Turawan mulki suka keɓe shi a ƙarshen shekarun 1940 da sunan gandun dajin Kogin Kano, daga baya a shekarun 1960 aka mai da shi gandun namun daji. Faɗinsa wajen hekta 92,000 ne, watau ya ninka filin noman ranin da aka tsara mana fiye da sau huɗu.

Ga yadda dajin yake yi mana aiki. Sa'ad da aka yi ruwan sama a inda akwai doka da kirya da marke da ciyawa, ganye yana karya ƙarfin ruwan, saiwa tana riƙe ƙasa, ruwa ya nutse a hankali ya fito rafi garau. Sa'ad da aka yi shi a fako, sai ya kwashi yashi da laka ya zuba a kogi, kogi ya kai Tiga, can su kwanta. Shugaba ya gwada wannan a gaban jama'a: a cika ƙwarya da ruwa, a riƙa zuba yashi da hannu, a ga abin da zai faru da ruwan. Duk yashin da ya kwanta a Tiga ya ƙwace wurin ruwa ke nan, ba ya kuwa fita da kansa. Wanda gonarsa take ƙarshen kanal, wanda yakan kwana a bakin ruwa da fitila a watan Maris yana jiran rabonsa, shi ne zai fara ji a jikinsa.

Me yake cin dajin? Gatari, da gobarar rani, da kiwon da ya wuce kima, da gonakin da suke shiga ta gefe kaɗan kaɗan. Mun saba mu nuna makiyayi da yatsa mu yi shiru a nan. Amma Kura ta yi suna da turara shinkafa, tukunyar turare kuwa ba ta cin iska, itace take ci. Kin taɓa tambayar direban motar itace daga ina ya yi lodi? Ka taɓa tambayar mai gawayi wace bishiya aka kayar? Ban ce kowane guntun itace daga Falgore ya fito ba. Na ce dai bishiya aka sare a wani wuri, mu kuwa muka biya kuɗin saran.

Wani zai ce, wannan ai maganar itatuwa ce, ina ruwan namun daji a ciki? Ba a raba su. Birai da jemagu da tsuntsaye su ne suke cin 'ya'yan kanya da ɗinya da baure su kai irin wani wuri, su ne masu shukan daji. Gobara da yawa kuma mafarauta ne suke cinna ta don su kori zomo da gafiya. Tsofaffin wajen suna ba da labarin gwanki da kanki da ɓauna da mazo a Falgore. Yau ganin babbar dabba a can sai an sha wuya. A watan Disamba na 2020 gwamnatin tarayya ta amince a mai da dazuzzuka goma su zama gandayen ƙasa, Falgore yana cikinsu. Madalla. Amma takarda ba ta kashe gobara, ma'aikatan daji kuwa ba su taɓa isa su tsare daji mai wannan girma su kaɗai ba.

Leburorin da ba mu biya

Yanzu mu dawo gida, gama yawancin aikin da nake roƙo ba a Falgore yake ba, a bakin gonarka yake.

A wata ikkilisiya da nake zagayawa, mujiya ta yi sheƙa a cikin rufin majami'a. Mata suka ce kukanta yana ba su tsoro in sun zo addu'ar asuba, wasu suka ce tsuntsun mayu ne. Samari suka hau suka kashe uwa da 'ya'ya, aka yaba musu. Da suka share wurin sai suka tarar da tarin curi-curin gashi da ƙasusuwa, irin wanda mujiya take amayarwa bayan ta ci. Na farfasa kaɗan a gabansu. Ƙoƙon kan ɓera ne da haƙoransa, ɗaya bayan ɗaya. Wannan ita ce majami'ar da membobinta suka fi kowa yi mini kukan ɓera a gadon irin shinkafa. Sun kashe mai gadinsu da hannunsu. Ban yi musu faɗa ba, gama ni ma ina yaro na kashe tsuntsaye da danƙo fiye da yadda zan iya ƙirgawa, ba don yunwa ba.

Gidan mujiya ɗaya, watau uba da uwa da 'ya'ya, yana cin ɓeraye dubbai a shekara. A ƙasar Maleshiya manoman shinkafa da na kwakwan manja sun daɗe suna kafa mata akwatuna a kan sanda a tsakiyar gona, haka kuma a Isra'ila da Urdun. Mu kuwa muna sayen maganin ɓera, ɓera ya ci, mujiya ko shirwa ko kyanwa ta ci ɓeran, ita ma ta mutu. Ɓera yana haihuwa sau da yawa a shekara, mujiya ba ta kai shi ba. Wa zai riga wani dawowa? Game da zancen mayu, ina roƙon masu bishara da dattawa su ɗauki wannan magana a kan bagadi. Wanda ya gaskata cewa Allah ne ya yi kowane tsuntsu bai kamata ya kwana da tsoron tsuntsu ba.

Ba mujiya kaɗai ba. Balbela tana bin garma tana tsince tsutsa da fara. Shamuwa takan zo da damina ta ci fara. Tunku yana cin ɓera da maciji. Mesa ma ɓera da gafiya take ci. Ban ce ka bar kububuwa ko gamsheƙa a ɗakin yaranka ba, rai ya fi. Na ce ba kowane abu mai jan ciki da ka gani a bakin kanal ne ya cancanci sanda ba.

Akwai ƙasar da ta gwada share tsuntsu gaba ɗaya. A 1958 gwamnatin Sin ta ba da umarni a kashe gwara don tana cin hatsi. Mutane suka fito da ganguna da kwanoni suna hana ta sauka har ta faɗo matacciya, aka fasa ƙwai, aka rushe sheƙa. Ashe gwara da ƙwari take ciyar da 'ya'yanta. Fara da tsutsa suka sami sarari. A 1960 aka janye umarnin. Babbar yunwar da ta kashe miliyoyin mutane a can a waɗannan shekaru tana da dalilai da yawa, amma wannan ya ƙara wa wutar itace.

Sai ungulu. Duk wanda ya kai shekaruna ya san ta a mahauta da bayan kasuwa, tana share mushe ba ko sisi. Yaushe rabonka da ganinta a Kura? Ana kama ta ana sayar da kanta da ƙwanta don tsafi da neman sa'a, wasu kuma gubar da aka sa wa mushe ce take kashe su. A 2015 masana suka sa irin ungulun da muka saba gani cikin jerin halittun da suke dab da ƙarewa a duniya. Indiya ta riga mu ganin ƙarshen wannan hanya. A shekarun 1990 wani maganin ciwon jiki da ake yi wa shanu allurarsa, mai suna dikulofenak, ya kashe fiye da kashi 90 cikin 100 na wasu irin ungulayensu, gama in sun ci mushen saniyar da aka yi wa allurar sai ƙodarsu ta lalace. Mushe ya riƙa ruɓewa a fili, karnukan da ba su da iyayengiji suka yawaita, ga haɗarin haukan kare. Sai a 2006 aka hana ba dabbobi maganin.

A nan ne karatunmu na Maimaitawar Shari'a ya shigo. Dokar ba ta hana mutum amfani da tsuntsu ba. Ta yarda ya ɗauki 'ya'yan, ta hana shi haɗawa da uwar. Kowane manomi ya gane wannan, gama ba mai hankalin da zai daka irin shukansa ya yi tuwo. A Fitowa kuwa, sa'ad da ake maganar hutun gona a shekara ta bakwai, an ambaci rabon matalauta, aka kuma ambaci rabon namun jeji. Mai gonar ya sa su cikin lissafi. Mu 'yan ƙodago ne a cikinta, aikin da aka ba Adamu kuwa biyu ne, noma da tsaro. Na farko mun riƙe shi da kyau.

To, jan baki fa?

Baba yana da gaskiya. Jan baki abokin gaba ne ga mai shinkafa da alkama da dawa, ba kuwa tsuntsun da yake shirin ƙarewa ba ne, gama yana cikin tsuntsayen da suka fi yawa a duniya. Ba wanda ya ce a yi masa gadi. Amma a ina yake kwana? A cikin kachala. Kachala kuwa ta sami gindin zama ne tun da aka daina barin ruwa ya ƙafe. Dā kogi yakan cika da damina ya janye da rani, ciyawar ta bushe. Da aka gina Tiga, aka ƙara da Challawa a 1992, ruwa ya riƙa gudana rani da damina, kachala ta cika magudanai a nan, ta toshe hanyoyin ruwa a fadamun Haɗeja da Nguru, ta cinye gonaki da wuraren su na mutanen can. Ruwan da muke sha da shi ke nan, kada mu manta da waɗanda suke ƙasa da mu.

Feshin jirgin sama da akan yi wa jan baki guba ce mai ƙarfi, ba ta kuwa tambayar sunan tsuntsu. In an fesa a inda bai kamata ba, balbela da zalɓe da shaho su ma sun tafi. Ga taimakon da za mu iya yi. Mu gano makwancin tun garken bai yi yawa ba, mu kai wa malamin gona labari da ainihin wurin, don in za a yi feshi a yi shi daidai, ba a watsa a ko'ina ba. Mu yanke kachala a magudananmu, a yanke ta ƙasa da fuskar ruwa don ta nutse ta ruɓe. Mu yi shuka lokaci ɗaya, gama gonar da ta nuna ita kaɗai ita ce akushin tsuntsu. Iyaye kuma, don Allah, kada yaro ya tsinci tsuntsun da ya faɗo bayan feshi ya kawo a soya. Guba ba ta mutuwa a cikin mai.

Yadda ƙungiya za ta shiga

Akwai kalmar da nake so mu kiyaye. In an ce aikin sa kai a yau, mutane sukan tuna da 'yan sa kai masu bindiga. Ba wannan nake nufi ba, ko kusa. Falgore ya yi shekaru da mummunan suna saboda 'yan fashi da ɓarayin shanu, har sojoji suka kafa wurin horo a can. Kada wani ɗan ƙungiya ya shiga dajin shi kaɗai, kada ya kama kowa, kada ya ƙwace gatarin kowa. Kamu aikin hukuma ne. Namu aikin gayya ne, irin wanda muka gada, hannu da ido da baki.

A bi ta ƙofa. Magatakarda ya rubuta wasiƙa zuwa ga malamin daji na ƙaramar hukuma, ya faɗi sunan ƙungiya da yawan mutanenta da ranakun da za su iya bayarwa, ya roƙi a zo a yi mana bayani. A birni kuma akwai Ma'aikatar Muhalli, da hukumar jiha mai kula da gidan zu na Audu Bako da namun daji. In wasiƙa ta farko ba ta sami amsa ba, a bi ta da ƙafa. Kafin duk wannan a gaida mai unguwa da dagaci, a shaida wa ƙungiyar masu amfani da ruwa ta sashenku, a nemi arɗo. Ruwan kanal bai san Kirista ko Musulmi ba. In muka mai da wannan aiki na majami'a kaɗai, zai mutu a ƙofar majami'a.

Aiki mafi sauƙi shi ne littafi. A sayi littafin rubutu guda, a ba wani saurayi ko budurwa mai natsuwa. Duk abin da aka gani a rubuta rana da wuri: kada a bakin ruwa, garken dinya ko kirinjijiya, ungulu ko da ɗaya ce, matattun kifi a magudana, makwancin jan baki. Kada ku raina wannan. Ma'aikaci yakan zo sau ɗaya a wata in ya sami mai a babur, ku kuwa kuna nan kullum. Tun 1967 ake ƙidayar tsuntsayen ruwa a ƙasashe da yawa kowane watan Janairu, yawancin masu ƙidayar kuwa ba a biyansu. A ƙasarmu ana yin ta a fadamun Haɗeja da Nguru, inda aka fara aikin kiyaye fadamun a 1987 tare da ƙungiyar NCF. Agwagin daji da wasu tsuntsaye sukan ƙetaro hamada daga Turai su yi hunturu a Baturiya da Dagona, abin da ya kawo mijin Sarauniyar Ingila Dagona a 1989 ke nan. Wasunsu sukan ya da zango a Tiga da Bagauda da gonakin shinkafarmu. In an sami tsuntsu da zobe a ƙafa, ba laya ba ce. Masu bincike ne suka sa. A kwafe lambar da rubutun a littafi a nuna wa malamin daji.

Aiki mai nauyi kuwa na rani ne. Ikkilisiyoyin da suke kusa da dajin, a ƙasar Tudun Wada da Doguwa da Sumaila, suna iya fita tare da ma'aikata su share hanyar tare wuta da zarar ciyawa ta fara bushewa, wajen Oktoba da Nuwamba. Mu na nesa mu riƙa renon dashe. Ruwa muna da shi duk shekara, abin da wasu ba su da shi. Zumuntar mata tana iya renon ɗorawa da tsamiya da maɗaci da darbejiya a leda a gefen lambu, a dasa a watan Yuli. Amma ƙungiyar da ta dasa 50 ta kāre su daga awaki har suka girma ta fi wadda ta dasa 1,000 aka ɗauki hoto aka watse. Masu turara shinkafa kuma su gwada murhun da yake cin ɓuntu, tun da ga shi nan tsibi-tsibi a bayan injin.

Saura abu mai wuya. Me za ka yi in wanda yake zuba Gamalin ko fiya-fiya a ruwa don kama kifi ɗan'uwanka ne a Kirista? Ko mai wanke tankin feshi a kanal ɗin da yara suke wanka surukinka ne? Doka tana nan. Akwai dokar namun daji ta Jihar Arewa ta 1963, akwai ta tarayya ta 1985 mai hana cinikin dabbobin da suke ƙarewa, wadda aka ƙara wa tara a 2016. Amma shawarata ita ce a bi tsarin Matiyu sura 18. Ka same shi ku biyu, in bai ji ba ka koma da dattijo, in bai ji ba a kai gaban ƙungiya. In duk ya ƙi, a kai wa hukuma, a fili, da sunan ƙungiya, ba a ɓoye da sunan mutum ɗaya ba. Ku kuma tambayi dalilinsa. Sau da yawa yunwa ce, ƙungiyar da take da asusun rance kuwa tana da abin faɗa ban da tsawa.

Kada kowa ya sa rai da alawus. Na faɗa tun yanzu don kada a ce Malam ya karɓa ya cinye.

Kafin taro mai zuwa, kowane ɗan ƙungiya ya zauna da tsoho ɗaya a garinsu, Kirista ko Musulmi, ya tambaye shi dabbobi da tsuntsayen da ake gani kafin ruwan Tiga ya zo, da waɗanda suka ɓace, da waɗanda suka ƙaru. A kawo sunayen a rubuta a shafin farko na littafin. A kuma tattauna wannan: kuɗin maganin ɓera nawa ƙungiyarku ta kashe bara, katako nawa kuma wannan kuɗi zai saya?

Na koma wurin Baba na karanta masa wannan darasi kafin in aika. Ya ce yankan kachala da shi za a yi, zai ma kawo 'ya'yansa biyu da lauje. Akwatin mujiya kuwa, ya ce a fara kafawa a gonar Malam tukuna. Na yarda. Kafinta ya ce ranar kasuwa zai gama, wanda yake son ganin awon sai ya same ni a Bunkure.